Tayin Malam Sharhabilu a Teburin Dakta

Duk wanda bai san Malam Sharhabilu ba, to hanya ce ba ta taɓa haɗa su ba, domin shi da bakinsa zai gaya maka ko wane ne shi tun ba ka gama amsa sallamarsa ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana dillancin awaki da tumaki tsakanin Aujara da Shuwarin, kuma a faɗarsa, har yau uwa ba ta haifi wanda ya kayar da shi a ciniki ba. Da gwiwa ta fara yi masa gardama, 'ya'yansa suka ɗauko shi suka zaunar a Dutse, suka ce ya huta. Ƙafa ta huta. Baki ya ƙi.

Wurin zamansa bencin Sale mai shayi ne, a gindin wani tsohon dabino. Gurbinsa shi ne na jikin kututture, inda inuwa ke fara sauka kuma baya ya sami abin jingina. Kada a raina wannan. Tsohon da ba shi da gona a gari, ba shi da rumfa a kasuwa, abin da ya rage masa a duniya shi ne inda zai ajiye jikinsa daga la'asar zuwa magariba, da mutanen da za su ce ina wane in bai fito ba. Sharhabilu yana da wannan, bai gode ba, don idonsa na tsallaken titi.

A tsallaken titin nan gidan Dakta Mailafiya yake, likita mai ritaya wanda ya yi karatu a Masar ya dawo da wata ɗabi'a. Kowace Asabar bayan la'asar, shi da abokansa uku sukan zauna a baranda, kan kujeru masu katifa, ƙarƙashin fanka, su kewaye tebur mai koren mayafi suna wata karta da ake ce wa birij. Ko ƙwandala ba a sawa. Manya huɗu da furfurarsu su ɓatar da yamma guda ba riba ba asara, amma da yake a kofin tangaran suke shan shayi, sai unguwa ta ce ilimi ne.

Sau ɗaya Sharhabilu ya taɓa tsayawa a kansu, ranar da ya kai wa Dakta ragon layya. Ya ji wannan ya ce zuciya ɗaya, wancan ya ce mashi biyu, na uku ya ce fas. Kafin ya gama kwance igiyar rago ya gama gane wasan. Ciniki ne, akuyar kawai aka cire. Saboda haka ranar da labari ya zo cewa na huɗunsu ya tattara ya koma Kaduna wurin 'yarsa, kujera ta zama ba kowa, Sharhabilu bai ga wani abin tunani ba.

Da bencin Sale ya fara. Ya miƙe tsaye a gaban jama'a, ya gyara hula, ya sanar da cewa daga Asabar mai zuwa duk mai son ganinsa sai ya bi ta hannun maigadin Dakta. Ya ce shekara shida yana shan ruwan wankin tukunya da sunan shayi, don zumunci kawai yake haɗiyewa. Ya ce kowane tsuntsu da irin reshen da ya dace da shi. Sannan ya juya ga Ɗan'inna, wani tsohon tela da ya daɗe yana zama a inda rana ke taɓa masa kafaɗa.

"Ɗan'inna, matso ka gaji wurin. Na bar maka shi duniya da lahira, jama'a ku shaida."

Bai rufe baki ba Ɗan'inna ya riga ya jingina da kututture. Sale ya ci gaba da fifita gawayi, ya ce sun shaida, Allah ya sa a cikin manya ma a riƙa tuna talakawa.

Sai bayan haka Sharhabilu ya tsallaka ya gaya wa mai kujerar. Dakta mutum ne mai kunya, irin waɗanda in ka taka musu ƙafa su ne za su ba ka haƙuri. Ya yi 'yan kame-kame, ya ce ai akwai wani ma da ya nuna sha'awa, Malam Yahuza, tsohon hedimasta daga wajen Buji, wanda ya yi wata biyu yana koyon wasan a wayarsa. Abin da za a yi, ranar Asabar su biyun su zauna a gwada, wanda ya fi dacewa ya riƙe kujera. Sharhabilu ya yi dariya har da dafa bango. Malamin makaranta, wanda in ya je sayen kaza ma sai an bi shi a karɓo masa canji.

A gida, matarsa Ikilima ta saurari labarin tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Ya ce a fito masa da farar babbar rigarsa a kai wa masu bugu. Ta ce rigar da aka ajiye don ɗaurin aure da Idi ita za a kai wurin karta? Ya ce ba karta ba ce, birij ne, wasan likitoci. Ta ce ko wasan limamai ne, ita dai shekara arba'in ba ta taɓa ganin ya riƙe takarda daidai ba, ta asibiti ma a kife yake duba ta. Da ta ji kuma ya riga ya kyautar da gurbinsa na benci, sai ta ajiye rariya.

"Malam, ka ba da inuwa tun ba ka taɓa kujera ba? Ganin hadari ne ya sa ka kifar da tulu."

"Uwar Larai, ke abin da ba tukunya ba, ba ki san kansa ba."

Ta ce haka ne, amma tukunyar ba ta taɓa kunyata ta a gaban mutane ba.

Ranar Alhamis Dakta ya kira shi don ya nuna masa yadda abin yake. Ya baje karta a tebur ya fara bayani a hankali, kamar mai lallashin majinyaci ya sha magani. Karta hamsin da biyu ce, kowa sha uku. Iri huɗu ne: ja mai zuciya, ja mai kusurwa huɗu, baƙi mai kan mashi, baƙi mai ganye. Biyu-biyu ake yi, abokinka shi ne wanda ke fuskantarka. Kafin a jefa ko ƙwaya ɗaya sai an yi tayi, kowa ya faɗi zagaye nawa shi da abokinsa za su ci, da irin da zai zama sarkin sauran. In ka ce ɗaya, alkawarin bakwai ka ɗauka, don shida na farko ba a ambatarsu. In ka ce bakwai, to ka rantse ke nan duk sha ukun naku ne. Wanda ya fi kowa tayi shi ya ɗauki kaya, in ya kasa kai su ya faɗi.

Sharhabilu ya ce duk wannan ya sani, ya kawo labarin wani bunsuru da ya sayar sau biyu a rana ɗaya.

Dakta ya jira bunsurun ya wuce, sannan ya ce akwai wuri ɗaya da sababbi ke faɗawa rami. Abokinka ya buɗe tayi, na kusa da shi ya tsoma baki da nasa tayin, magana ta zo kanka. Amsa uku ce. In hannunka ba komai, ka ce fas, wato ka wuce, ba abin kunya ba ne. In kana da uku ko fiye na irin da abokinka ya kira, da 'yan manyan karta, ka ɗaga masa da ɗaya don ya san yana da ɗan'uwa. In kuma ƙarfinka na cikin sauran iri biyun da ba a ambata ba, ka ce dabul, shi zai gane ya zaɓa. Tayi a nan, in ji Dakta, magana ce kake yi da abokinka, kuma gaskiya ake gaya masa.

Wannan ta ƙarshen ita ta tabbatar wa Sharhabilu cewa mutanen nan yara ne. Gaskiya a wurin tayi. Ya ji tausayinsu har cikin ransa. Da Dakta ya ce saura abin da ake yi bayan an gama tayi, sai ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce in an sallama, ai saura jan akuya zuwa gida, wannan ko makaho ya iya.

Asabar ta zo. Shi da kansa ya aika bencin Sale cewa duk mai son ya ga yadda ake koya wa 'yan boko ciniki ya zo, ya nema musu izini. Suka zo su goma sha, suka baje tabarma a tsakar gidan Dakta daf da baranda, Sale har da butar shayinsa, Ɗan'inna a sahun gaba. Sharhabilu ya shigo a ƙarshe, riga na ƙara saboda bugu, turare ya riga shi isowa. Ya zauna a kujerar, ya ɗan yi tsalle a kan katifar don ya ji laushinta.

Aka tsara zama. Shi da Dakta ɓangare ɗaya, suna fuskantar juna. Malam Yahuza a damansa, siriri, da tabarau ɗaure da zare, yana haɗe da Injiniya Abdulkahar, ƙaton mutum mara yawan magana da ke zaune a hagu. Alhaji Fa'izu, na ukun tsofaffin 'yan teburin, ya ja kujera gefe don ya zama alƙali.

Aka raba. Dakta ya duba hannunsa ya ce zuciya ɗaya. Malam Yahuza ya gyara tabarau ya ce mashi ɗaya.

Sharhabilu ya kife kartarsa a tebur. Ya ce a tsaya. Ya tambayi Malam Yahuza ko a makarantar da ya shugabanta ba a koyar da addini, da zai yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa Musulmi, Dakta bai ko rufe baki ba. Ya ce a kara, kasuwar dabbobi, wanda ya yi haka sai an kai shi gaban sarkin dillalai. Malam Yahuza ya ce Allah ya ba shi haƙuri, shi dai haka ya ga ana yi. Alhaji Fa'izu ya yi bayani cewa babu abin da ake saye ko sayarwa, tsoma bakin shi ne wasan. Daga tabarma Sale ya ce a yi masa uzuri, yau ce rana ta farko da ya ga Sharhabilu yana hana abin da shi kansa ya yi shekara talatin da biyar yana yi.

Sharhabilu ya ɗauki kartarsa yana huci. To, hannun nan kuwa mai kyau ne: zuciya huɗu har da sarkinsu, ga as na ganye, kartar da ta fi duk 'yan'uwanta girma. Amsar a fili take, ko Ikilima aka tasa daga barci za ta ce a ɗaga wa Dakta. Amma dillalin ƙwarai ba ya nuna yana son kaya. Akuyar da ka fi so ita kake kushewa, ka ce tana da zawo, ka juya baya ka kama hanya, mai ita ya biyo ka yana roƙo. Sharhabilu ya taɓe baki, ya ce fas, ya miƙe, ya sa takalmi, ya gangara daga baranda ya nufi ƙofar gida a hankali, kunnensa a baya.

Ya kai tsakiyar tsakar gida, shiru. Ya tsaya ya duba wata bishiyar gwaiba kamar zai saya. Ya kai bakin ƙofa, har maigadi ya miƙe zai buɗe masa. Babu wanda ya ce dawo mu daidaita. Da ya waiwaya, Injiniya ya ce fas, Dakta ya ce fas, duk suna zaune suna jiran ya zo a fara jefa karta. Ya dawo ta gaban tabarma yana cewa iska ya je sha. Ɗan'inna ya tambaye shi ko an sallama masa.

Injiniya ya baje kartarsa a tebur, Sharhabilu ya ɗauka sakarci ne irin na 'yan boko. Malam Yahuza ya ci alkawarinsa har da ƙari. Da Dakta ya ga zukatan da suka yi ta fitowa daga hannun abokinsa, sai ya cire tabarau ya goge, ya tambaya cikin ladabi me ya hana a ɗaga masa. Sharhabilu ya ce dabara ce, ba a nuna wa kasuwa ciki tun da safe.

Aka sake rabawa. Tayi ya zagayo, Dakta ya ce ganye ɗaya, Malam Yahuza ya ce zuciya ɗaya. Wannan karon Sharhabilu ya yarda akwai amfani abokinsa ya san abin da yake riƙe da shi, amma ba da baki ba, a gaban abokan gaba. Dillalai suna da hanyarsu. A tsakiyar kasuwa mutum biyu za su haɗa hannu a ƙarƙashin riga, a matsa yatsa, a karya gaɓa, a gama magana ba wanda ya ji. Ga kuwa mayafin tebur ya sauka har gwiwa, kamar don shi aka ɗinka.

Ya zame a kujera, ya zura hannu ƙarƙashi yana lalube, fuskarsa na kallon fanka. Ya taɓa ƙafar tebur, ya wuce. Ya taɓa wata gwiwa, ya wuce. Can ya kama hannu, mai kauri, mai ɗumi. Ya matsa babban yatsa sau ɗaya. Ya kama 'yan yatsu huɗu ya girgiza. Ya shafa tafin hannun, alamar saura iska. Abin mamaki, hannun ya amsa masa daidai, har da ɗan matsin nan na na ji. Sharhabilu ya ji Dakta ya ƙaru a idonsa. Sai da ya sauke ido daga fanka ya ga hannayen Dakta duka biyu a kan tebur, ɗaya da karta ɗaya da kofi.

Injiniya Abdulkahar ya yi gyaran murya.

"Alhaji Fa'izu, Malam Sharhabilu ya ce a gaya wa Dakta yana da babba ɗaya, da huɗu na iri guda, sauran tarkace ne. Mahaifina dillalin shanu ne a Kafin Hausa. Sai dai ya sakar mini hannu haka, zan sha shayi."

Tabarma ta kife da dariya. Alhaji Fa'izu ya sa aka tattara kartar, ya ce a wasan nan abin da aka yi yanzu sunansa maguɗi, a wani wurin da tuni an raka mutum ƙofa. Amma albarkacin furfura da rashin sani, za a raba sau ɗaya tak, daga shi za a yanke hukunci. Sharhabilu ya ce shi dama gwada su yake ya ga ko suna da amana.

Rabo na uku ya zo masa kamar gonar da fari ya bi. Ya buɗe kartar ɗaya bayan ɗaya yana neman mai hoto: biyu, uku, huɗu, wani biyun, bakwai. A can ƙarshe wani jek guda na ganye, ƙaramin masu hoto, tsaye shi kaɗai kamar maraya. Zuciya biyu ce kacal, su ma ƙanana.

Dakta ya ce zuciya ɗaya. Malam Yahuza ya ce mashi biyu. Ido ya dawo kan Sharhabilu.

Amsar ya san ta, don kunnensa ya ji ranar Alhamis ko da zuciyarsa ba ta karɓa ba. Har leɓensa ya fara haɗa fas ɗin. Sai Sale ya ce wa Ɗan'inna, da muryar da ake ji har titi, cewa yau za a ga Sarkin Kara ya bar wa malamin makaranta kaya sau biyu a zama ɗaya.

Nan Sharhabilu ya tuna da babbar dabararsa, wadda ya ci abinci da ita shekaru. In ka ga mutum ya ƙwallafa rai a kan dabba, ba sai kana da ko sisi ba. Ka yi ta ɗaga tayi, shi ma ya ɗaga, ka ɗaga, ya ɗaga, har ya kai inda zai yi kuka, sannan ka zame ka bar shi da ita.

Ya ce zuciya uku, ya buga kartarsa a ƙirji. Injiniya ya ce mashi uku. Dakta, bawan Allah, da ya ɗauka gaskiya ake gaya masa, fuskarsa ta washe, ya ce zuciya huɗu. Malam Yahuza ya ce mashi huɗu. Sharhabilu ya ce zuciya biyar tun kafin ya rufe baki. Injiniya ya wuce, Dakta ya wuce. Malam Yahuza ya daɗe yana kallon kartarsa, ya ce mashi biyar a hankali. Zuciya shida, in ji Sharhabilu, yana kallon tabarma, yana ɗaga musu gira. Dakta ya ajiye kofinsa. Mutanen Sale, da ba su san zuciya ba balle mashi, sun miƙe a kan gwiwoyinsu, don ko ba ka san wasa ba ka san tayi in ya yi zafi.

Injiniya ya wuce, Dakta ya wuce. Gumi ya tsattsafo wa Malam Yahuza a goshi. Malamin makaranta ma ɗan Adam ne, kuma shi ma ana kallonsa. Ya ce mashi shida.

A gaskiya, a wannan lokacin dabarar ta yi aiki. An kai mutum inda zai yi kuka. Dakta yana riƙe da as biyu, ya san alkawarin nan ba zai cika ba, har ya fara murmushi yana jiran magana ta zagayo kansa. Abin da ake bukata daga Sharhabilu kalma ɗaya ce, gajeruwa. Amma ya ga gumin nan, ya ga tabarau na zamewa a kan hanci, ya ce a ransa akwai sauran taki ɗaya a jikin mutumin nan.

"Zuciya bakwai."

Ya jingina da kujera yana jiran mashi bakwai, fas ɗinsa a shirye a bakin harshe. Injiniya ya wuce. Dakta ma ya wuce. Malam Yahuza ya ciro hankici ya share goshi, ya ninke shi, ya mayar aljihu.

"Dabul, in kun faɗi a ninka muku. Allah ya sa albarka, Malam, na sallama maka."

Sharhabilu ya ce a'a, ai bai kamata mutum ya karaya da wuri haka ba, ya ƙara ko ɗaya ne. Malam Yahuza ya ce ya gode, ya ƙoshi. Ya juya ga Injiniya ko shi zai taimaki abokinsa. Injiniya yana shan shayi.

Duk da haka Sharhabilu bai firgita ba. Kartarsa na ƙirjinsa, ba wanda ya san cikinta, kuma mutum mai baki yana iya faɗuwa ya ce santsi ne. Sai Malam Yahuza ya jefa kartar farko, Alhaji Fa'izu ya ce to, Malam Sharhabilu, bisimilla, a baje. Ya ce a baje me? Aka gaya masa abin da ya ƙi tsayawa ya ji. Dakta ne ya fara kiran zuciya, don haka shi zai buga hannu biyun. Abokinsa kuwa sai ya shimfiɗa kartarsa duka a kan tebur, a buɗe, kowa ya gani, ya naɗe hannu, kuma ba shi da izinin cewa uffan har a gama.

Ya ce a kara ba a taɓa cewa dillali ya zazzage aljihunsa ba. Alhaji Fa'izu ya ce nan ba kara ba ce. Ya ce zai riƙa nuna wa Dakta ɗaya-ɗaya ta gefe. Aka ce a'a. Ya nemi a ɗage sai bayan magariba. Aka ce rana da saura.

Ya baje. Mutanen tabarma suka taso suka kewaye baranda suna leƙe. Ba su iya karta ba, amma sun ga ta sauran da aka buga ɗazu, sun san masu hoto su ne manya. Ɗan'inna ya bi su da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo, ya tsaya a kan jek ɗin.

"Wannan yaron shi kaɗai ka tura yaƙin?"

Sharhabilu ya buɗe baki, Alhaji Fa'izu ya ɗaga yatsa. Ya rufe. Sale ya ce wallahi ko don wannan dokar wasan nan ya cancanci a koyar da shi a masallatai.

Dakta ya kalli abin da aka shimfiɗa masa, kallon da likita ke yi wa hoton ƙirjin da ba sauran magani. Ya ce na gode, abokina, don haka al'adar wasan ta ce a faɗa. Sannan ya fara bugawa. Sau goma sha uku ana zagayawa, kowane zagaye sai ya ambaci wata 'yar ƙaramar karta, Sharhabilu ya miƙa hannu cikin babbar riga mai bugu ya tura ta tsakiya, sau da yawa Malam Yahuza ko Injiniya su kwashe. Da aka zo kan jek ɗin, sarauniyar Injiniya ta hau kansa, tabarma ta yi masa salati. Cikin sha ukun da aka yi rantsuwa a kansu, bakwai Dakta ya tsira da su.

Alhaji Fa'izu bai tsawaita ba. Ya ce kujera ta Malam Yahuza ce. Ya ƙara da cewa abin takaici, da Malam Sharhabilu ya yi shiru a kan mashi shida, da yanzu shi ake taya murna. Dakta ya raka shi har ƙofa, ya ce gida nasa ne, duk lokacin da babbar Salla ta matso a tuna da shi da rago mai kyau.

Washegari bayan la'asar ya bi ta gaban bencin Sale, kamar hanya ce ta biyo da shi. Ɗan'inna na jingine da kututture, ido a lumshe. Aka amsa sallamarsa da fara'a, ba wanda ya matsa. Sale ya ce akwai wuri a can ƙarshen benci inda baƙi ke farawa, rana ba ta wuce awa ɗaya a kansa, kuma ruwan wankin tukunya yana nan da zafinsa. Sharhabilu ya ce sauri yake, ana jiransa. Ya yi tafiyar mai sauri har ya sha kwana, daga nan ya rage, don ba inda za shi.

Ya zaga ta bayan makarantar allo, ya zaga ta wurin masu faci, ya duba rana, ko alamar sauka ba ta yi ba. Ya koma gida. Ikilima ba ta tambaye shi komai ba, labari ya riga shi zuwa tun jiya ta bakin mata uku. Ta fito da kujera 'yar tsugunne ta ajiye a soro, daidai bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Ta koma ta kinkimo buhun gyaɗa da ƙwarya biyu ta dire a gabansa.

Ya tsaya yana kallon buhun. Sannan ya tattare riga ya zauna, don gwiwa ba ta san girman kai ba. Bai ɓare goma ba wani maƙwabci ya leƙo zai wuce, Sharhabilu ya kira shi, ya fara ba shi labarin yadda tun da aka kafa teburin Dakta ba a taɓa samun wanda ya kai tayi bakwai ba sai shi, da yadda suka yi ta roƙonsa ya zauna ya ce karta ba ta dace da dattijo ba. Ya ajiye gyaɗar don ya nuna da hannu yadda hedimasta ya yi gumi.

Daga tsakar gida Ikilima ta ɗaga murya, ba ta ko leƙo ba.

"Malam, ba wanda ya hana ka labari. Amma hannu ya riƙa tafiya, gobe da safe mai inji zai zo."